Zamanin da Muke Sa wa Gidaje Lamba

Wata yarinya da aka turo asibitin mazaɓarmu ta Utai ta tambaye ni me ya sa tsofaffin ma'aikata ke taɓe baki duk sanda aka ce masu tantancewa na tafe. Ba raini ba ne, 'yata. Mun ga wani abu ne da ba ku gani ba.

A 1986, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, ya ware ƙananan hukumomi 52 don gwaji, ya jingina su da kwalejojin likitanci da makarantun koyon aikin lafiya. Malaman jami'a suka bar allo suka shiga ƙauye. Kafin tsarin ya iso mana an ɗan daɗe, amma da ya zo, aikin farko ba gyaran gini ba ne, sa wa gidaje lamba ne. Gwangwanin fenti a hannu, mai unguwa a gaba, mu bi zaure zaure. Kowane gida da katinsa: mai ciki nawa, yaro nawa bai yi allurar ƙyanda ba, rijiyar da suke sha, tazararta da masai.

Malamin da ya koya mana, Allah ya jiƙansa, ba ya buɗe rajista. Sai ya kira lambar gida ya ce, "Wa ya haihu a nan bana?" In ka yi inda-inda, ranar da ƙafa za ka koma. Ungozomar unguwa ta fi mu cin wannan jarrabawa, kuma a gabanta yake faɗa mana haka. Ita ce ma ta taɓa hana mu shafa fenti a ƙofar wani gida ana zaman makoki, ya ce ta fi shi gaskiya.

Yanzu Dokar Lafiya ta 2014 ta kawo asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma sai an tantance asibiti kafin kuɗin ya sauka. Madalla. Amma shirin da nake gani shi ne mako guda na fenti, a cike rajista da biro ɗaya, a aro ma'aunin jini daga maƙwabta.

Ga jami'a a Wudil tun 2001, ga Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano. A turo mana ɗalibai ko na wata biyu da damina, lokacin zazzaɓi, su sake ƙidaya gidajen nan. Ni zan raka su, na san inda tsofaffin lambobin suka tsaya.