Noman Ganyen Miya a Ɗaki a Jidda: Yadda Ake Auna Amfani da Wutar da Fitila Ta Sha

'Yan'uwa da dama a nan Jidda sun tambaye ni game da fitilun nan da ake rataya wa shuka a cikin ɗaki, ko suna biya ko kuwa ɓarnar kuɗi ce. Da yake aikina injiniyan lantarki ne, kuma na yi gwajin abin da kaina, na ga ya dace in rubuta bayani guda wanda kowa zai iya komawa gare shi.

Dalilin yin noma a ɗaki

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san ruwan sama ba ya wuce 'yan kwanaki a shekara, ruwan famfonmu ma na teku ne da aka tace. Zafi kuwa, a watan Yuni na 2010 ma'auni ya kai digiri 52 a garin nan. Yawancinmu a gidajen haya muke, babu tsakar gida balle bayan gida da uwargida za ta yafa yakuwa da alayyahu kamar yadda aka saba a Kano ko Maraɗi. Busasshiyar kuka da kuɓewa ana samun su wajen mata masu sayarwa a Karantina da Sabil, amma ɗanyen ganye irin na gida sai an dace. Wannan ne ya sa wasu suka fara shuka a cikin kwanuka a kan kanta, fitila ta zame musu rana.

Asalin ma'aunin giram a kan wat

Idan mai karatu ya shiga intanet neman bayanin waɗannan fitilu, zai yi ta cin karo da maganar "giram nawa a kowane wat". Ya kamata a san inda wannan lissafi ya fito. Masu noman tabar wiwi a ɗaki a Amurka da Turai ne suka yaɗa shi, inda suke raba nauyin abin da suka girba da ƙarfin fitilarsu. Nomansu na shan wuta ƙwarai: a 2012 wani mai bincike, Evan Mills, ya ƙiyasta cewa yana cinye kimanin kashi 1 cikin 100 na wutar Amurka gaba ɗaya. Bayan da Kanada ta halatta tabar a 2018, sai tallace-tallacen fitilun suka ƙara cika ko'ina.

A nan zan ja hankalin iyaye. Abin da aka halatta a Kanada, a Saudiyya laifi ne mai girma. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005 ta haramta shukawa da mallaka da sayarwa, safara kuwa hukuncinta na iya kai wa ga kisa, kuma a Nuwamba 2022 aka koma zartar da kisa a kan irin waɗannan laifuka bayan ɗan tsaiko. Baƙo ko ya tsira da ransa, kurkuku da kora ne ke jiransa. Saboda haka idan ɗanka ya shigo da fitila, ka san abin da ke ƙarƙashinta, kuma kada kowa ya karɓi iri ko ƙunshi daga hannun wani ba tare da ya buɗe ya gani ba. Mu dai maganarmu ta ganyen miya ce.

Inda ma'aunin ya gaza

Wat ƙarfi ne, ba yawan wutar da aka sha ba. Fitila mai wat 100 idan ta yi awa 10 a kunne, ta sha kilowat-awa 1, wato yunit ɗaya, kuma yunit ne kamfanin wuta ke rubutawa a fatura. Mutum biyu za su iya girbin kilo biyu-biyu da fitila iri ɗaya, ɗaya a kwana 30, ɗaya a kwana 60. A lissafin giram a kan wat sun yi daidai, alhali na biyun ya biya ninkin kuɗin na farko.

Matsala ta biyu ita ce lambar da ke jikin kwali. Fitilar da na fara saya an rubuta mata wat 1000 da manyan baƙaƙe. Da na jona ta a ɗan ma'aunin wuta irin wanda ake sa wa a soket, sai na ga abin da take ja bai wuce wat 100 da 'yan kai ba. Na koma wajen mai shago, ya ce ai haskenta ne ya yi daidai da na wat dubu. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kwali ba. Wannan ɗan ma'auni ba shi da tsada, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a saya, kafin ma fitilar.

Don haka ma'aunin da nake ba da shawara shi ne: giram nawa ka girba a kan kowane yunit da ka biya, tun daga shuka har girbi.

Hasken da shuka ke bukata

Idon mutum da ganye ba abu ɗaya suke nema a haske ba. Tun bayan binciken Keith McCree a 1972, masana ke auna hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700, domin shi ne ganye ke haɗa abincinsa da shi. Ana ƙidaya shi da maikromol a kowace daƙiƙa a kan mita ɗaya murabba'i. Ranar tsaka tana ba da kimanin 2000. Don sanin abin da shuka ta samu a yini, sai a ninka wannan lamba da yawan awoyi, a sake ninkawa da 0.0036, abin da ya fito shi ake kira mol na yini. Latas da ire-irensa suna son mol 12 zuwa 17, tumatir kuwa 20 zuwa 30.

Fitilu sun bambanta wajen mayar da wuta haske. Tsohuwar fitilar sodiyom mai jan haske, mafi kyawunta tana ba da kimanin maikromol 1.7 a daƙiƙa daga kowane wat, LED mai kyau kuwa 2.5 zuwa 3. Farar LED ta samu ne bayan da Akasaki da Amano da Nakamura suka gano yadda ake yin shuɗiyar, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Idan mai sayarwa bai iya faɗa maka wannan lamba ba, ka bar masa kayansa.

Misalin lissafi

A ce kana da kanta mai faɗin mita ɗaya murabba'i da LED mai jan wat 100 na gaskiya. Za ta fitar da maikromol 250, a ce 200 ne ya sauka kan ganye. A awa 16 ka samu mol 11.5, wanda ya kusa isar ganye. To ga abin da za ka biya a kwana 30:

1. Fitila: yunit 1.6 a yini, wato yunit 48.
2. Ƙaramar fanka mai wat 15 dare da rana: kimanin yunit 11.
3. Mukayyif: kimanin yunit 16.

Wannan na ukun ne mutane ke mantawa. Kusan duk wutar da fitila ta sha zafi take komawa a cikin ɗakin, kuma na'urar sanyaya ɗaki sai ta sha kamar yunit ɗaya kafin ta fitar da zafin yunit uku. A Ingila inda na yi karatu, wannan zafi alheri ne lokacin hunturu. A Jidda kuwa biya biyu ne.

Jimla yunit 75. A farashin gidaje da aka sa tun Janairu 2018, yunit yana kan halala 18 har zuwa yunit 6000 a wata, abin da ya haura halala 30, sannan ga harajin kashi 15 cikin 100 tun Yuli 2020. Ke nan riyal 15 da rabi, ko kusan riyal 26 ga gidan da ya tsallaka mataki na biyu. Idan ka girbi kilo 2, ka samu giram 27 a kowane yunit, kilo ɗaya ya tsaya maka kusan riyal 8 a wuta kaɗai, ban da kuɗin fitila da taki da ƙasa.

Gwada da tumatir. Don samun mol 25 sai fitila mai wat kusan 220, kuma sai ka yi wata huɗu kana jira. Fitila da mukayyif za su sha kimanin yunit 560, wato riyal 116. Ko da ka yi sa'a ka tsinki kilo 10, kowane kilo ya haura riyal 11. Kasuwa ta fi maka sauƙi.

Ba mu kaɗai wannan lissafi ke kayarwa ba. Manyan kamfanonin noman ɗaki a Amurka sun sha kashi: AeroFarms ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2023, Bowery ya rufe a 2024. A kusa da mu kuwa, a jami'ar KAUST da ke Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, kamfanin Red Sea Farms da aka kafa a 2018 ya bi wata hanya: ya bar rana ta yi aikinta, ya mai da hankali kan rage zafi da amfani da ruwan gishiri wajen sanyaya rumfar shuka.

Me ya cancanci fitila?

Yakuwa ita ce ta farko a wurina. Ba ta fure sai yini ya gajarta, saboda haka a ƙarƙashin hasken awa 16 ganye kawai take ta yi, ana tsinka tana tohowa. Alayyahu ma yana saurin kai wa yanka, kuma dukansu suna jure ɗumi fiye da latas, wato ba sai ka ƙure mukayyif ba. Lalo kuwa kada ka wahalar da kanka, shi ne mulukiyyar da ke cike da kasuwannin garin nan. Zogale itace ne mai son rana sosai, wurinsa rufin gida ko baranda. Daga Nuwamba zuwa Maris ma, wanda ke da baranda ya fitar da kwanukansa waje ya kashe fitila, domin rana ba ta aiko da fatura.

Yadda za a riƙa aunawa

A sami ɗan littafi da ma'aunin kicin. A rubuta ranar shuka, a jona fitila da fanka a kan ma'aunin wuta, a ƙara kashi ɗaya bisa uku domin mukayyif. Duk tsinkar da aka yi a auna ta nan take kafin a wanke, kuma ganyen da za a ci kawai, ban da kara da saiwa. Kada a gwama ɗanye da busasshe, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen ganye ruwa ne. A ƙarshe a raba jimlar giram da jimlar yunit. A zagaye na gaba a canza abu ɗaya tak, ko awoyi ko nisan fitila, in ba haka ba ba za a san abin da ya kawo bambanci ba.

A kuma kiyaye haɗari. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya zuba, kada a cika jona kaya a waya ɗaya, yara kada su riƙa kallon fitila kai tsaye. Na fi son farar fitila a kan mai launin shunayya, domin tana nuna ciwon ganye da wuri, kuma ba ta jawo zargin maƙwabta. Ka sanar da mai gida abin da kake shukawa, ka ma ɗanɗana masa.

Wanda ya gwada, ya aiko wa ƙungiya da lambobinsa domin mu haɗa mu ga abin da ya fi dacewa da garin nan. Allah ya sa albarka a abin da muke ci.