Ranar da Linux ta sallami 386

A shekarar 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar babbar manhajar nan Linux. Zuciyar ita ce ɓangaren da ke magana kai tsaye da kayan ƙarfen kwamfuta, sauran manhajoji kuma su bi ta kanta. Kwamfutar da ya yi aikin a kanta tana ɗauke da furosesa 386 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 1985. Wato dai a kan 386 aka haifi Linux.

To, a watan Disamba na 2012 wani daga cikin masu kula da ita, Ingo Molnar, ya aiko da gyaran da zai cire 386 baki ɗaya, Torvalds kuma ya amince. Linux 3.8 da ta fito a farkon 2013 ba ta aiki da shi. Intel ya daina ƙera shi tun 2007, kuma akwai umarnin da na bayansa suka iya shi bai iya ba, don haka duk gyaran da za a yi sai an kewaya saboda shi.

A 2018 Arnd Bergmann ya jagoranci cire nau'o'in furosesa takwas a Linux 4.17, irin su Blackfin da Tile, layukan rubutu kusan rabin miliyan suka tafi. A 2024 kuma aka cire Itanium a Linux 6.7. Dalilin kusan ɗaya ne kullum: babu mai gwadawa, babu mai kula.

Wannan dalili ba baƙo ba ne ga ma'aikaciyar jinya. Muna duba keken magungunan gaggawa mu fitar da wanda wa'adinsa ya ƙare, domin barinsa ya fi rashinsa haɗari: hannu zai kai gare shi ana zaton taimako ne. Rubutun da aka bari a zuciyar manhaja ba a gwada shi ma haka yake, sunansa yana nan amma ba wanda zai rantse yana aiki.

Sai dai fa na'urar asibiti tana daɗewa fiye da wayar hannu, kuma da yawansu akwai Linux ko Windows a ciki. Idan sabuntawa ta tsaya, ƙofa ta buɗe. A watan Mayun 2017 mugunyar manhajar WannaCry ta afka wa kwamfutocin asibitocin Ingila da ba a sabunta ba, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Irin wannan buƙata ce ta sa Gidauniyar Linux ta kafa shirin CIP a 2016, mai kula da wasu zaɓaɓɓun fitowar Linux na aƙalla shekara goma.

A nan Malaz inda nake zaune a Riyad, na'ura in ta tsufa akwai halin canza ta. A gida kuwa, Kano ko Maraɗi, sau da yawa tsohuwar ce ke zuwa da sunan gudummawa, mu yi ta godiya. Godiya ai wajibi ce, amma 'yan uwa masu sa hannu a karɓa, ku riƙa tambaya: wace manhaja ce a ciki, kuma wa zai ci gaba da sabunta ta, har zuwa wace shekara?