Kurfai Ta Daɗe Tana Tambayar Shugabanninta

Ana gab da zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida a Filinge. Ya ce, "Malam, ina son tsayawa takarar kansila. Me zan faɗa wa mutane?" Sai na shimfiɗa mana tabarma, na fara da tarihin ƙasarmu.

Kafin zuwan Faransawa, Kurfayawa ba su saba da sarki guda mai iko a kan kowa ba. Dattawan kowane gari ke yanke magana, Mayaƙi kuwa jagoran yaƙi ne. Da Turawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗora gidan Mayaƙi a kan kanton baki ɗaya, domin karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas. Daga nan sarki ya koma yana amsa tambayar kwamanda, talaka kuma ba shi da bakin tambayarsa.

A tsakiyar shekarun 1920, zamanin Gado Namalaya, 'yan Hauka, waɗanda ake kira Babule, suka bayyana a yankin Cikal. 'Yan bori ne masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Turawa, amma abin da ya tayar da hankalin hukuma shi ne matasa da yawa sun bi su, sun juya wa sarkin kanton baya. Aka kama su, aka ɗaure wasu. Ba borin nake yabo ba. Abin lura shi ne mutane sun ƙi shugabancin da ba a shawarce su a kansa ba.

Bayan shekara kusan hamsin, ranar 15 ga Afrilu 1974, wani ɗan wannan yanki, Seyni Kountché na Fandu, ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a cikin tsananin fari, ana zargin manya da karkatar da hatsin agaji. Har yau tsofaffinmu na yabon tsananinsa a kan dukiyar ƙasa. Sai dai shi ke binciken kowa, babu mai bincikensa.

Damar talaka ta zo ranar 24 ga Yuli 2004, da aka zaɓi kansilolin kwamin 265 a faɗin Nijar, har da Filinge da Kurfai ta Tsakiya mai hedikwata a Cikal. Kuɗin kasuwa da harajin gari suka shiga hannun mutanen da muka sani, muka san iyayensu.

Don haka na ce wa ɗalibin nan: "Kada ka yi alkawarin kwalta. Ka ce duk shekara za ka tsaya gaban iyayen yara ka karanta abin da ya shiga asusun kwamin, da aji nawa na zana aka mayar na siminti." Ya yi dariya, ya ce wannan ba ya kawo ƙuri'a. Bai ci ba, amma a garuruwa biyu mata sun yi wa abokan takararsa wannan tambayar.

A Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun kwamin. Ko yaushe zaɓe ya dawo, yaran da ke gabanmu a aji su ne masu jefa ƙuri'a. Ni dai na fara da kuɗin ƙungiyar iyayen yara ta lakwal ɗinmu: duk ƙarshen wata ina rubuta lissafinsa a allo, in sa ɗalibi guda ya tashi ya duba ko na yi kuskure.