Akwatin rarraba wuta: Yadda ake sake tsara layukansa idan an haɗa sola

Akwatin rarraba wuta shi ne wurin da wayar lantarki ke shiga gida ko shago kafin ta rabu zuwa layuka daban-daban, na fitilu da na soket da na famfon ruwa. Kowane layi yana da nasa bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan nauyi ya wuce kima.

A garuruwa irin su Toranke, a yankin Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano, wutar kamfanin KEDCO ba ta wadatarwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya ƙaru, masu shaguna da magidanta da dama suka koma ga sola. Sai dai akwatin da aka tsara domin wutar kamfani ba ya dacewa da inbata sai an sake rarraba layukansa.

Dalilin sake tsari

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Layin da ke kan bireka mai amfiya 16 yana iya ɗaukar kimanin wat 3,680, alhali inbata mai kVA 1.5 ba ta wuce wat 1,200 ko kusa da haka. Dutsen guga na lantarki shi kaɗai kan ci wat 1,000 ko fiye, famfo mai ƙarfin doki ɗaya kuma yana bukatar fiye da wat 746, kuma yakan ja ninkin hakan lokacin tashi. Idan aka ɗora gida duka a kan inbata, ko dai ta riƙa kashe kanta, ko batir ya mutu tun kafin lokacinsa.

Saboda haka masu aikin wuta kan raba layuka gida biyu. Fitilu da fanka da talabijin da soket ɗin cajin waya su koma ɓangaren inbata, masu cin wuta sosai kamar hita da na'urar sanyaya ɗaki da famfo su tsaya a ɓangaren kamfani ko janareta.

Ƙa'idojin da ba a tsallakewa

Aikin bireka shi ne kare waya daga ɗaukar zafi. Don haka girmansa yana bin kaurin wayar da yake tsaro. Waya mai milimita 1.5, wadda ake yi wa fitilu, bireka mai amfiya 6 ko 10 take bukata, mai milimita 2.5 ta soket kuma 16 ko 20. Sanya babban bireka a kan siririyar waya don a huta da yawan faɗuwarsa yana cikin manyan musabbaban gobara, domin wayar za ta narke a cikin bango bireka bai motsa ba.

Idan an matsar da layi, ana matsar da wayarsa mai wuta tare da ta nutural. A sabon tsari mai wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, ta ƙasa kuma kore da rawaya. A tsofaffin gine-gine ja da baƙa ake samu. Cakuɗa nutural na ɓangarorin biyu yakan sa na'urar kariya daga jan wuta ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili.

Wajibi ne kuma a sanya makunnin sauya layi tsakanin wutar kamfani da janareta. Idan babu shi, wutar gida na iya komawa kan wayar titi ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a kashe yake.

Wa ya kamata ya yi aikin

Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai gida na da damar neman ganinta. Kafin a taɓa akwatin, ana kashe duk hanyoyin da wuta ke shigowa, har da batir da allunan sola, a gwada da mita a tabbatar. Bayan kammalawa, ana rubuta sunan kowane layi a jikin murfin akwatin, domin wanda zai zo gyara daga baya ya san abin da kowane bireka ke riƙe da shi.