Yadda Ake Haɗa Gurmi a Gida

Gurmi abin kiɗa ne mai tsirkiya biyu ko uku. A Nijar, marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da shi. Kai ma kana iya haɗa naka a Bader Goula, ba sai ka je Dakoro ko Maraɗi ba.

Ka nemi ƙoƙon duma mai kauri, wanda ya bushe sarai. Ka ƙwanƙwasa shi. In ka ji alamar tsaga, ka ajiye shi. Ka huda gefensa, ka zura sanda miƙaƙƙiya. Sandar nan ka kankare ta da wuƙa, ka shafa mata man gyaɗa har ta yi santsi, domin a kanta yatsunka za su yi ta yawo.

Babban aikin yana wurin fata. Wasu masu gurmi sun fi son ta damo, amma ta akuya ma ta wadatar. Ka cire gashinta, ka jiƙa ta, ka shimfiɗa a bakin ƙoƙon tun tana da laima, ka kafe ta da ƙananan ƙusoshi. Kada ka ja ta da ƙarfi ƙwarai: fata tana tsukewa in ta bushe, tana iya fasa ƙoƙon. A inuwa za ta bushe, ba a rana ba.

Daga nan ka ɗaura tsirkiya ta zaren kamun kifi, ka ɗora ta bisa ɗan iccen da ake kira jaki. Da damina fatar takan saki, muryar ta dushe. Ka ɗan shanya gurmin a hantsi kafin ka kaɗa.