Tawali'u da Hidima a Zamanin Wariyar Launin Fata: Tarihin Mishan a Kano da Zazzau

Rabe-raben unguwannin da ke wajen ganuwar Kano ta gabas da arewa maso gabas ya samo asali ne daga dokokin zama da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa bayan sun ci birnin a watan Fabrairu na 1903. Sun keɓe wa kansu Nassarawa da Bompai, inda aka yanka manyan filaye aka dasa itatuwa, suka bar birni ga Sarki da talakawansa, sannan bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 aka kafa Sabon Gari a wajen 1913 domin 'yan Kudu da sauran baƙin Afirka ta Yamma waɗanda suka zo aikin akawu da reluwe da kantuna. Tsofaffin sojoji da leburori da masu aikatau a gidajen Turawa suka tare a Tudun Wada da Gwagwarwa, kuma daga bunƙasar waɗannan unguwanni ne jama'a ta yi ta malala har ta cika Gama da Kaura Goje, waɗanda a yau suke ƙaramar hukuma ɗaya da unguwar Turawa ta dā, ko da yake tazarar da ke tsakanin faɗin gidajen can da matsin lungunan nan tana nan ba ta gushe ba.

Hujjar da aka kafa wannan rabo a kanta ita ce kiwon lafiya. Bayan da likita Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin maleriya, sai masu ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara suka ce a nisanta gidajen Turawa daga na 'yan ƙasa, musamman yara, waɗanda aka ɗauka cewa a jininsu ƙwayar cutar take zaune. Dokar garuruwa da Gwamna Lugga ya kafa a 1917 ta ƙarfafa wannan tsari, aka kuma tanadi fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, wanda ba a yin gidan zama a cikinsa, ya kewaye unguwar Turawa, kuma irin waɗannan filaye ne aka mayar wuraren sukuwa da wasan golf a garuruwa da dama. Amma boyi da kuku suna kwana a ɗakunan bayan gidan Bature, abin da ya nuna cewa ba tsoron sauro kaɗai aka yi wa katanga ba. Wariyar ta shiga asibiti, inda na Nassarawa ya zama na Turawa, na cikin birni kuma na talakawa, ta kuma shiga aikin likita kansa, domin rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma da aka kafa a 1902 an ƙayyade shi ga waɗanda iyayensu Turawa ne, ko da kuwa ɗan Afirka ya yi karatu a jami'a ɗaya da su a Ingila.

'Yan mishan, watau masu yaɗa addinin Kirista da ƙungiyoyin Turai da Amurka suke aikowa, sun sami kansu a tsaka mai wuya cikin wannan tsari. Fatarsu ta sa su a ɓangaren masu mulki, alhali littafin da suke ɗauke da shi yana koyar da akasin haka: Linjilar Yahaya ta ba da labarin yadda Almasihu ya ɗaura mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ne ke yin sa a gidajen wancan zamani, kuma manzo Bulus ya koya wa mutanen Galatiya cewa bambancin Bayahude da Baheleni, ko na bawa da ɗa, ba shi da gurbi a cikin jama'ar masu bi. Abin da Kiristoci ke nufi da tawali'u ke nan, watau mutum ya sauke kansa da gangan zuwa matsayin mai yi wa wasu hidima. Tarihin mishan a ƙasar Hausa ya nuna cewa wannan koyarwa ta yi tasiri a kan wariya ne a wurare biyu kawai, wato inda aka yarda a taɓa jikin wanda jama'a ke ƙyama, da inda aka yarda a miƙa ragamar iko ga ɗan ƙasa, kuma na biyun ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba.

Darasi na farko ya zo tun kafin mishan ya iso Kano. A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro aka kuma 'yanta shi a teku, ya zama bishop na farko ɗan Afirka a Cocin Angilika, aka danƙa masa aikin ƙungiyar mishan ta CMS a gaɓar Kwara. A 1890 wasu matasan Turawa ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka sauka Lokoja da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka sa riga da rawani, suka ci abincin mutanen gari, suka dukufa kan koyon Hausa, duk domin kada a gan su a matsayin iyayen gida. Sai dai waɗannan matasa da abokansu su ne suka tuhumi limaman coci 'yan Afirka da rashin cancanta, kuma a taron da aka yi a Onitsha cikin Agustan wannan shekara aka dakatar da wasu daga cikinsu a gaban dattijon bishop ɗin, har abin ya shafi ɗansa Dandeson. Crowther ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka gaje shi da Bature, kuma sai a 1952 aka sake ba ɗan Afirka cikakken shugabancin diyosis, watau gundumar da bishop ke riƙe da ita, a Najeriya. Rawani a kan Brooke bai hana shi raina baƙar fata mai furfura ba, kuma a 2014, lokacin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Archbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya amsa cewa cocinsa ya zalunci mutumin.

Wanda ya hau kujerar bishop a 1894, Bishop Herbert Tugwell, shi ne ya jagoranci ayarin Turawa biyar zuwa Kano a 1900, bayan da wasunsu suka zauna a Tarabulus suna koyon Hausa. Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su izinin zama, ya umarce su da su fice cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu. Likitan ayarin, Walter Miller, shi ne ya daɗe. Daga 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya tsakanin Hausawa, yana duba marasa lafiya, yana koyar da yara a gidansa, suna ci suna kwana tare da shi, a lokacin da hukuma ke ganin zaman Bature a cikin gari a matsayin zubar da girman masu mulki. Ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, ya kuma soki mulkin mallaka a rubuce, har ya fitar da littafi a 1947 yana tambayar ko Turawa sun gaza a Najeriya. Duk da haka Miller mutum ne mai zafin ra'ayi wanda bai ɓoye ƙyamarsa ga sarautar gargajiya ba, kuma ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi a 1920 aka kai shi Lokoja, al'amarin da ya nuna cewa ko ɗan mishan da ya fi kowa kusantar talaka yana iya jingina da ikon da fatarsa ta ba shi.

A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa fasahar maginan Hausa, da bakan gizo da azara, aka kuma kafa asibiti da makaranta. Abin da ya bambanta makarantar Miller shi ne cewa ta ɗauki yaron Arewa a matsayin wanda zai iya kai wa ƙarshen ilimi, a zamanin da makarantun gwamnati suka fi mayar da hankali ga samar da malaman En'e. Daga wannan al'umma ne Barau Dikko ya fito, ya karanta aikin likita a Birmingham, ya zama likita na farko ɗan Arewa, kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Daga nan ne kuma John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Yakubu Gowon suka sami tarbiyya. Asibitin da aka gina domin jinyar Turawa a Kaduna shi ne yau yake ɗauke da sunan Barau Dikko.

A Kano kuwa, ƙofar da ta buɗe wa mishan ita ce ta kuturta. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta faro a 1893 da zuwan Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, biyun ƙarshe suka mutu a 1894 a Girku da Bida, ta karɓi ragamar gidajen kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a wajen 1937 bisa yarjejeniya da gwamnati da hukumomin En'e, watau Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Na Kano, wanda mutane ke kira Asibitin Bela, yana cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yau. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne mai kauri da ake samu daga 'ya'yan itacen chaulmoogra na ƙasar Indiya, ana yin allurarsa a ƙarƙashin fata, mai zafi ƙwarai, amfaninsa kuma kaɗan ne, sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta shigo, bayan gwajin da likita John Lowe ya yi a Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Najeriya. Saboda haka yawancin aikin jinya ne na hannu. Kuturta tana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, mikin ya zama gyambo, don haka kowace safiya sai a jiƙa ƙafar majinyaci a ruwa, a kankare mataccen nama da kanta, a wanke mikin, a shafa mai, a naɗe da bandeji, mai yin aikin yana durƙushe, majinyacin yana zaune a kan benci. A ƙasar da baƙar fata ke faɗuwa ya gai da Di'o a bakin hanya, ganin Baturiya durƙushe tana riƙe da dungun kuturu ya rushe wani abu da doka ta gina, ko da ba a yi wa'azi ko kalma ɗaya ba.

Haka abin yake a asibitin ido da SIM ta buɗe kusa da Sabon Gari a 1943 ƙarƙashin likita Douglas Hursh, wanda ya zama matattarar masu yanar ido da amosanin ido daga ko'ina a Arewa da ƙasar Nijar, ana jagorantar makaho da sanda ya shiga, bayan an cire masa yana ya koma gida da ƙafarsa. Amma rahotannin da ake aikawa Turai da Amurka domin neman gudummawa sun fi ambaton sunayen likitoci Turawa, alhali mafi yawan allura da wankin miki da aikin dare 'yan ƙasa ne suka yi su, cikinsu har da kutaren da suka sami sauƙi aka koya musu aikin jinya da na disfensa, suna karɓar albashin da bai kai ko kusa da kuɗin da ake kashewa a kan Bature ɗaya ba. Masana tarihi na baya-bayan nan, irin su Shobana Shankar a littafinta na 2014, sun nuna cewa waɗannan ma'aikata da tsofaffin majinyata su ne ginshiƙin ƙananan jama'o'in Kirista na Hausawa da suka taso a karkarar Kano.

Wajibi ne kuma a lura cewa hidimar ba ta rabu da manufar yaɗa addini ba, kuma sarakunan Arewa sun san haka, shi ya sa suka yi ta ƙorafi kan koyar da 'ya'yan Musulmi addinin Kirista a gidajen kutare, har aka sa sharuɗɗa a kan lamarin. Musulmin Kano ba su jira mishan ya koya musu daidaiton 'yan Adam ba, domin huɗubar ban-kwana ta Manzon Allah (SAW) ta soke fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na fari a kan baƙi, sai da taƙawa, kuma sadakar gari ce ta riƙe kutare da makafi shekaru aru-aru ƙarƙashin sarakunansu na kutare da na makafi. Wariyar da tawali'un Kirista ya fuskanta ta Turawa ce, watau ta 'yan uwan masu wa'azin, don haka gyaran ya fi shafar gidan mishan fiye da birni.

Katangar doka ta fara rushewa ne a 1947, bayan da wani otel a Legas ya hana Ivor Cummings, jami'in Ofishin Mulkin Mallaka wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ɗaki saboda launinsa, hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards ya haramta wariya a wuraren jama'a, kuma a hankali unguwannin Turawa suka koma unguwannin manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda ake kira GRA. Cocin ma ya bi sahu da jinkiri: majami'un da SIM ta kafa sun zama cocin ECWA a 1954, amma sai a 1976 ƙungiyar ta miƙa masa sauran ayyukanta, a shekarun da gwamnatocin jihohi ke karɓe asibitoci da makarantun mishan, Kano kuma ta sami diyosis ɗinta na Angilika a 1980. Idan aka auna, tsakanin durƙuson farko a Yadakunya da miƙa makullin ofis ga ɗan ƙasa an yi kusan shekara arba'in, tsakanin wulaƙanta Crowther da amsa laifin kuma an haura shekara 120. Wanke ƙafar kuturu ya bar Bature a matsayin mai bayarwa, wanda ake gode wa, amma zama ƙarƙashin shugabancin baƙar fata ya buƙaci ya rabu da wannan matsayi gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa ƙungiyoyin mishan suka yi gaggawar na farko suka yi ta jan ƙafa a kan na biyu.