Wa Ya Kira Ɗan Sa Kai?

Idan ka taso daga Funtuwa ka kama hanyar Gusau, ba za ka yi nisa ba za ka iske Mairuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari. Sunan garin bai ɓoye komai ba, ga madatsar ruwan nan da Funtuwa ke sha daga gare ta. Sai dai ba kowane suna ke riƙe amana haka ba. Wani sunan a kan raɗa wa abu, shekaru su ja, a wayi gari ya koma kan wani abin dabam, mai shi na asali kuma ya rasa yadda zai kira kansa.

A ce yau samarin wata unguwa a garin sun haɗa kai. Kafin damina ta sauka su yashe magudanan ruwa, su share maƙabarta, su cike kaburburan da suka rufta. In an kwantar da wani a asibiti su tara abin da ya sawwaƙa, in ana neman jini su miƙa hannu. Ba mai ba su ko kwabo. Me za a kira su? A Hausar rediyo da jarida, aikin sa kai suke yi, saboda haka su 'yan sa kai ne. To, je ka tsaya a kasuwar Sheme ko a bakin titin 'Yankara ka ce ga 'yan sa kai nan tafe, ka gani ko akwai wanda zai zaci masu shebur da baro kake nufi. Abin da zai faɗo wa kowa a rai shi ne mutane bisa babura, da bindigar harba-ruga da adda da guraye. A Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ma'anar da kalmar ke ɗauke da ita ke nan a yau.

Kafin a san ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji, gayya Bahaushe ya sani. Ita ce 'yar'uwar gayyata da gayyato, wato asalinta kira ne. Manomi ya ga ciyawa ta fi ƙarfinsa da na iyalinsa, ko a noman fari ko a maimai, sai ya raba goro ya sa rana. Ranar samari su fito da hauya da galma su jeru a kunya, mai gangar noma yana biye da su yana zuga, mata na can gida suna dama fura da tuƙa tuwo. Gayyar da aka fi zubar da gumi a cikinta ita ce ta saurayin da ya kwaso abokansa zuwa gonar surukinsa, don kowa ya san ana kallo, kuma labarin zai riga su isa gida. Da gayya ake yaɓe, da ita ake gyara masallacin Idi. Da aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, magana ce ta zahiri tun kafin ta zama karin magana: jinkar da aka gama baibaya a ƙasa sai an taru a kanta kafin ta hau ɗaki.

Abin lura a nan shi ne gayya tana da mai ita. Akwai uban gayya, an san shi, an san gidansa. Shi ya yi kira, shi zai ciyar, in wani ya sare ƙafarsa da hauya a gonarsa shi za a fara tambaya. Tana da rana, kuma tana ƙarewa; rana na faɗuwa kowa ya saɓa hauyarsa. Sannan bashi ce da ba a rubuta ba. Wanda ya zo maka yau, gobe in ya kira dole ka je, kamar dai yadda mata ke rama biki. Harshen ma ya tanadi suna ga wanda ya kauce wa ƙa'idar. Wanda ya zo ba a kira shi ba, ɗan gayyar soɗi ne. Wanda aka kira ya zo bai tsinana komai ba, gayyar na-ayya. Wanda kuma ya tara jama'a amma bai koma inuwa ya harɗe ba, shi ake wa kirari da mai gayya mai aiki, kirarin da 'yan siyasa suka ara suka sa wa duk wanda ya ba su kuɗin mota.

Kada a ɗauka gayya duk daɗi ce. A zamanin En'e an sha fakewa da sunanta a fitar da talakawa sharar hanya da gyaran gidan baƙi ko noman gandun sarauta, wanda ya ƙi kuwa ya gamu da dogari. Mutane ba su ruɗu ba, sun san bambancin gayya da aikin tilas, kuma da Turawa suka kwashi majiya ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, sai suka raɗa masa sunan da ya dace da shi: ɗiban gwamna. Ita kuma gayyar gona kuɗi ne suka ci ƙarfinta. Baturiyar nan Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa a 1967, ta tarar ƙwadago ya riga ya kafu daram a noman ƙasar Katsina. A ƙasar auduga da masara irin ta Funtuwa da Faskari, inda noma na sayarwa ne, ai sai abin da ya ƙaru.

Da boko ya zo, sai taron taimakon juna ya nemi sabon suna. Na farko da aka ɗauko na Larabci ne, jam'iyya, kuma a lokacin tana nufin kowace irin haɗuwar mutane masu manufa ɗaya. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a ƙarshen shekarun 1940 a matsayin taron 'yan boko na raya al'adu da ci gaban jama'a, sai a 1951 ta rikiɗa ta shiga siyasa. Daga nan siyasa ta haɗiye kalmar. Yau Jam'iyyar Matan Arewa, wadda aka kafa a 1963, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage da tsohuwar ma'anar, kuma yaron yanzu in ya ji sunan sai ya tambaya ko tana tsayar da 'yan takara. Wannan ya sa ƙungiya ta gaji wurin. Kusan kowane gari a kudancin Katsina yana da ƙungiyar ci gabansa, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta matasa, ga kuma waɗanda a Kano aka fi sani da ƙungiyoyin taimakon kai da kai, masu yashe kwatoci da haɗa kuɗin gyaran taransifoma.

Kulob kuwa bai taɓa zama daidai a bakin Bahaushe ba. Ko dai ka ji shi a ƙwallon ƙafa, ko ka ji shi a inda uba ba zai so a ce an ga ɗansa ba. Duk da haka kulob ɗin hidimar jama'a ya daɗe a Arewa fiye da yadda ake zato. Reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya assasa uwar ƙungiyar a birnin Shikago na Amurka a 1905, kuma sunan ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da taronsu, yau a ofishin wannan, wani mako a ofishin wancan. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da karɓa-karɓa zai ce, ko ya tuna da adashe. Sun taka rawa babba a yaƙi da shan-inna tun daga 1985, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Amma kulob ne na likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa masu biyan kuɗin shekara, ba irin rigar da za ta shiga wuyan samarin ƙauye ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun bi wata hanya. Sun riƙe tsohon tsarin nan na sarkin samari, suka kira shi samariya, kuma bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya mai da shi ginshiƙin aikin gayya a faɗin ƙasar: dashen itatuwa, ginin azuzuwa, tsaftar gari. An samu aiki, amma samariya ta zama ta gwamnati, kuma da mulkin sojan ya shuɗe sai ta yi sanyi.

Sunan da na fi ganin ya tsira da mutuncinsa shi ne 'yan agaji. Ko na Jama'atu Nasril Islam ne, ko na Fityanul Islam, ko na Izala, kowa ya san kakinsu, ya san su a filin Idi da wurin tafsiri da jana'iza da sansanin alhazai. Agaji taimako ne na gaggawa, irin wanda ake kururuwa a nema. Ka ga a nan ma akwai mai kira, kuma akwai shugaban da za a kai wa ƙara in ɗan agaji ya yi ba daidai ba.

Sa kai shi ne ba shi da wannan. Kan da ke cikin kalmar shi ne na "ni da kaina". Ba wanda ya aiko maka goro, kai ka ga ɓaraka ka shiga. Nan darajarsa take, shi ya sa ma aka ce sa kai ya fi bauta ciwo, don bawa in ya gaji yana da wanda zai zarga, wanda ya sa kansa kuwa sai dai ya cije. (Masu yi wa ƙasa hidima, shirin da Janar Gowon ya kafa a 1973, har gobe 'yan bautar ƙasa ake ce musu a kasuwa, ko da rediyo ta fi son ɗayan sunan. Jama'a sun san abin da ba da zaɓinka ka shiga ba.) Kuma nan haɗarin sa kai yake. Wanda ba a kira ba, wa zai ce masa ya isa haka?

Masu tsaron gari da dare suna da sunayensu tun da. 'Yan sintiri aro ne daga kalmar Turanci ta soja mai gadi. 'Yan banga ma, a ra'ayin da ya fi rinjaye, daga Turanci ne, daga kalmar da ke nufin waɗanda ke sahun gaba, kuma ta shigo ne ta siyasar shekarun 1950, zamanin da jam'iyyun NEPU da NPC kowace ke da matasan da ke kare taronta. Daga baya sunan ya sauka kan masu gadin unguwa da kasuwa, waɗanda hakimi da 'yan sanda suka san da zamansu. Da satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone ƙauyuka da garkuwa da mutane, daga Zamfara ta tsallako dajin da ya haɗa ta da yammacin Katsina, sai wasu suka ga na banga ya yi musu sanyi. Suka tashi da kansu, ba rajista, ba izini. Aka ce musu 'yan sa kai, kuma a ƙa'idar harshe ba a yi kuskure ba.

Duk wanda ya san harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Kadisau a watan Yunin 2020, ko ya tuna daren 11 ga Disamba na wannan shekarar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai yi saurin zagin wanda ya ɗauki makami don kare gidansu ba. Da yawansu sun mutu a kan hakan, sun bar marayu. Amma gaskiya ɗaya ba ta kore ɗaya. An sha zargin 'yan sa kai da kama Fulani a kasuwa ko a hanya su kashe ba bincike ba shari'a, su kuma 'yan bindiga su huce a kan ƙauyen da ya fi kusa. Hausa tana da wata gayyar, wadda a rubuce ba ta da bambanci da ta gona: ta "da gayya ya yi", ta ramuwar gayya da aka ce ta fi ta gayya zafi. Ita ce ta mamaye yankin. Gwamnatocin Zamfara da Sakkwato da Katsina duk sun taɓa haramta 'yan sa kai, a Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa fiye da 1,400, aka ba su horo da kaki da albashi, aka tura su ƙananan hukumomin da ke bakin daga, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Zamfara ta bi sahu a Janairun 2024 da nata da ta kira Askarawa. Ko me mutum zai ce game da aikinsu, abin da gwamnatocin suka yi a fili yake: sun nema wa sa kai uban gayya.

Ta ɗaya gefen kuma alawus yana cin kalmar. Matasan shirin N-Power da aka fara ɗauka a 2016 masu sa kai aka kira su a takarda, alhali naira 30,000 aka riƙa biyansu duk wata a lokacin, kuma in ta makara har zanga-zanga suka riƙa yi. Ba laifinsu ba ne, neman abinci suka fito. Amma tun daga nan, in ka ce wa saurayi ya zo aikin sa kai, tambayar farko ita ce nawa ake bayarwa. Malamin da ke koyarwa kyauta a makarantar Islamiyya shekara da shekaru, da matar da ke bi gida-gida tana tara wa marayu kayan sallah, su ba su ma san ana kiran abin da suke yi da wannan suna ba. In ka tambaye su, cewa za su yi don Allah suke yi.

Saboda haka in samarin nan masu shebur da baro suka nemi shawarata, ba zan ce su yi jayayya da kasuwa a kan sunan da ta riga ta ba wasu ba. Su kira abinsu aikin gayya. Sunan ya tsufa, kuma ya sha wahala a hannun En'e da 'yan siyasa, amma har yau ba wanda ya ji shi ya ruga ya kulle ƙofa. Su kuma cika masa sharuɗɗansa: a san wanda ya yi kira, mai unguwa ya sani, a sa rana, a faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban kowa. In kuma 'yan wata unguwar suka zo muku yasar kwata wannan Asabar ɗin, ku tambaye su ranar tasu tun kafin su tafi.